Wata huɗu a wurin koyon damben boksin na wajen Ƙofar Ƙaura, da yadda Koci ya gyara mani dogon huk

Jama'a assalamu alaikum. Tunda abokai suka ga ina fita da sassafe da jaka a kafaɗa suke ta tambayata wai ina nake zuwa, nawa ake biya, kuma da gaske ana koyon wani abu ko kau tsalle-tsalle ne kawai da zubar da gumi. Na gaji da ba kowa amsa ɗaya bayan ɗaya shi yasa nace bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, mai kyan da marar kyan, tunda yanzu wata na huɗu kenan ina zuwa kuma ina ganin na isa in faɗi abun da na gani da idona.

Wurin dai ba shi da allo ba shi da suna, kowa wurin Koci yake ce mashi. Yana ta wajen Ƙofar Ƙaura a garin Katsina, bayan wani garejin kanikawa, in ba an nuna maka ba sai ka wuce shi sau uku baka lura ba. Wata rumfar kwano ce mai ɗan faɗi, an zagaye rabinta da bulo. Buhun duka uku ne a rataye, ɗaya na fata ne na asali wanda ya ji jiki, biyun kuma da tamfol aka ɗinka su aka cika da tsummokara da dusar katako, sai wata tsohuwar tayar mota da aka ɗaure a jikin ƙarfe. Fagen da ake gwabzawa kau igiyoyi ne aka ja a jikin turaku huɗu. Ana fara na safe bayan an sauko daga Asuba har wajen ƙarfe takwas, na yamma kuma daga La'asar zuwa dab da Magariba. Shi Kocin dattijo ne, tsohon soja, a can bariki yayi damben shi, ba mai yawan magana bane kuma bai cika dariya ba amma ban taɓa jin ya zagi yaro ba.

Ni tela ne, da hannu nake cin abinci, wannan ya kamata ku sani kafin in ci gaba. Kuma ni dogo ne, hannuwana dogaye. Tun ina yaro nake bin yayyena kallon damben gargajiya, duk wanda ya tashi a ƙasar Katsina ya san yadda abun yake in kaka tayi, a ɗaure hannu, kalangu na tashi, a yi turmi uku ko a yi kisa tun a na farko. To idona ya saba da wannan naushin da ake kwasowa tun daga baya a zagayo da shi da dukkan ƙarfi. Da na fara sha'awar boksin ina kallo a YouTube sai na rataya buhu a tsakar gida na dinga jibga mashi irin wannan naushin da hannun hagu ina ganin ai shi ne huk ɗin da ake faɗa, wato naushin da ake kaiwa ta gefe da hannu a lanƙwashe. Ranar wata Asabar na kai ma buhun duka daga nesa, babban yatsana ne ya fara sauka, naji wani zafi har tsakiyar kaina. Sati biyu ban iya riƙe almakashi da kyau ba balle in ja yadi a keke, ga ɗinkin biki na mutane a ƙasa. Wannan ne ya kai ni wurin Koci, wani yaron shagona ne ya kwatanta mani.

Ranar farko ya ce in nuna mashi abun da nake yi. Na yi sau uku a iska. Ya dube ni ya ce, "Dogo, wannan ba huk bane, mari ne da hannu a dunƙule." Ya kama hannuna ya juya shi ya nuna mani cikin yatsuna da gefen babban yatsa yace nan ne ke sauka, nan kuma ba wurin duka bane, ko a gasa alƙalin wasa gargaɗi zai yi maka in kana duka da cikin safa. Daga nan ya hana ni jefa huk kwata-kwata har sati uku. Tsallen igiya, tsayuwa, taku gaba taku baya a kan layin da ya ja da gawayi, sai jab, wato miƙaƙƙen naushi da hannun gaba, jab, jab har kafaɗa ta mutu. Gaskiya a lokacin raina ya ɓaci, na biya kuɗi don abu ɗaya an aje ni ina wani, har na ce mashi Koci ni fa huk nazo koya. Yace "ƙanena, huk a ƙafa yake, in ƙafar ta iya hannun zai biyo." A ranar ban yarda ba. Yanzu na yarda, kuma wannan haƙurin nashi na ƙin ba mutum abun da yake so sai abun da yake buƙata shi ne babban dalilin da yasa nake ganin kuɗina basu tafi a banza ba.

Bari in warware maku yadda ya koyar da shi don a nan ne darajar wurin take.

Huk iri biyu ne a wurin shi, na kusa da na nesa. Na kusa shi ne wanda kowa ya sani, gwiwar hannu a lanƙwashe kamar kusurwar ƙofa, kana dab da mutum har kana jin numfashin shi. Na nesa kuma daga inda jab ɗinka ke kaiwa ake jefa shi, don haka dole hannun ya buɗe ya wuce waccan kusurwar, amma kada ya miƙe sambal. Yace da zarar gwiwar hannu ta miƙe gaba ɗaya to ka tashi daga huk ka koma lilo, kuma duk nauyin dukan zai koma kan gwiwar hannun da kafaɗa, nan ne mutane ke yaga jijiyar dantse. Sai ka bar ɗan lanƙwasa, ka kuma ƙanƙame hannun a daidai lokacin da zai sauka, kafin nan a sake yake.

Sai maganar juya dunƙulen, wadda ita ce ta cece ni. A huk na kusa yace bai damu ba ko tafin hannunka na kallon ka ne babban yatsa a sama, ko yana kallon ƙasa, duka ana yi kuma manyan 'yan dambe sun yi duka biyun. Amma in hannu ya buɗe ya yi nisa, kana barin babban yatsa a sama to cikin hannun ne zai fara isa, ba makawa, ku gwada ma yanzu a inda kuke zaune ku miƙa hannu ku zagayo da shi ku ga wane wuri ne ke gaba. Don haka a dogon huk tafin hannu ƙasa yake kallo, in nisan ya ƙaru ma sai ka ƙara murza shi har babban yatsa ya ɗan sunkuya ƙasa. Yadda ya kwatanta mani shi ne, "kamar kana tsiyaya ruwa daga buta." Wallahi daga ranar da ya faɗi haka abun ya zauna a kaina. In ka murza haka gwiwar hannu da kanta take ɗagowa ta yi daidai da dunƙulen, kafaɗa ta taso ta rufe haɓa, sannan gaɓoɓin nan biyu manya, na manuniya da na yatsan tsakiya, su ne ke sauka, wuyan hannu a miƙe ba a karye ba. Ya nuna mani bidiyon Golovkin, wani ɗan damben boksin ɗan Kazakistan, a wayar shi, yace dubi yadda yake kifa hannun ya zagaya bayan safar abokin karawa ya sauka a saitin kunne, to irin koyarwar ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet kenan.

Ƙafa kuma, wadda aka ɓata mani sati uku a kanta. Ga wanda ke tsayuwar dama, wato ƙafar hagu a gaba, nauyi na ɗan sauka kan ƙafar gaba tukunna, sai ka murza a kan gaban tafin ƙafar dunduniya ta ɗaga ta juya waje, gwiwa ta shigo ciki, ƙugu ya juya, ƙugun ya ja kafaɗa, kafaɗar ta ja hannu, nauyin ya koma baya dunduniyar dama ta zauna. Hannu ne na ƙarshe a layi. In mutum ya yi nisa kaɗan ba miƙa wuya zaka yi kana leƙe ba, ɗan taku zaka yi da ƙafar gaba, gajere, wajen tsawon tafin ƙafa ɗaya, kuma takun da naushin tare suke sauka. Abun da ya fi tsana shi ne ya ga kan mutum ya wuce gwiwar shi ta gaba, yana gani zai turo ka da yatsa ɗaya a kafaɗa ka yi taga-taga, yace to ka gani, in yatsa ya girgiza ka ina ga naushi. Ya kuma ce a na nesa ba sai ka murza ƙafar sosai kamar na kusa ba, kaɗan ya isa, don in ka murza da yawa ka kuskure sai ka iske ka ba mutum gefen ka ko ma bayan ka.

Matsalata babba wadda ta fi daɗewa ita ce ɗauko naushin. Kafin in jefa sai in ja hannun baya in saukar da shi ƙasa kaɗan, irin na damben gargajiya, ni ban ma san ina yi ba. Yace duk wanda ke gaban ka ya riga ya karanta wasiƙar kafin ka aika. Maganin da ya yi mani mai sauƙi ne: ya tsayar da ni bango na bayan kafaɗata ta hagu dab da dab, yace jefa. Duk sanda na ja hannu baya gwiwar hannuna ta daki bulo. Kwana huɗu ina dukan bulon nan har wurin ya yi tabo, a na biyar hannun ya fara fita daga inda yake a tsaye, daga gaban fuska kai tsaye. Hannun dama kuma da ke faɗuwa duk sanda hagu ta fita, hula ya sa mani tsakanin safa da kunci yace in ta faɗi ƙasa in yi tsallen kwaɗo goma. Babu wata na'ura a nan, bango ne da hula da gawayi, amma duk wanda ya san koyarwa ya san wannan ilimi ne.

Kuma baya barin a jefa dogon huk shi kaɗai haka nan tsirara. Kullum bayan jab yake zuwa. Ka yi jab sau biyu a tsakiya mutum ya saba yana kawo hannun dama gaba don ya tare, a na uku sai ka fito da hannun tamkar jab ne, a rabin hanya ka karkata shi ya zagaya bayan hannun da ya fito tarewar. Ko kuma bayan miƙaƙƙiyar dama, don dama in ta fita ta riga ta ɗora maka nauyi a ƙafar hagu ta murɗa ƙugu, huk ɗin sai dai ya warware kawai. Sannan dawowa, yace hannun ya tsaya a tsakiyar layin jikin ka ya dawo fuska ta gajeriyar hanya, ba ya wuce ya tafi yawo can ɗaya gefen ba.

Wani abu da nake so a wurin shi ne ranar Juma'a da yamma ba a cika wahala ba, yakan zaunar da mu ya nuna mamu tsoffin wasanni a waya muna zagaye da shi. A nan na fara ganin wasan Bob Foster da namu Dick Tiger ɗan Najeriya na 1968 a Madison Square Garden da ke birnin Niyok. Tiger ne ke riƙe da kambun duniya na ajin da ba a wuce kilo 79 da 'yan kai, mutum ne gajere kakkaura mai taurin tsiya, Foster kuma dogo siriri ƙafa shida da inci uku. A turmi na huɗu Foster ya sakar mashi huk na hagu, Tiger ya faɗi rigingine aka ƙirga mashi goma. Abun ya taɓa ni don ɗan ƙasarmu ne ya faɗi, amma Koci ya mayar da wurin baya ya fi sau biyar yana ce mani Dogo dubi mai irin jikin ka, dubi siririn hannun, ba dantse bane ya kada Tiger, juyawa ce da tsawo. Ya nuna mamu na Joe Frazier da Muhammad Ali na 8 ga Maris 1971, inda Frazier wanda shi ne gajeren ya yi tsalle da huk ɗin hagu a turmi na 15 ya kai Ali ƙasa, Ali ya tashi ya ida wasan amma ya sha kaye da maki. Yace wannan na gajeru ne, da ƙafa ya ci nisan, kada dogo ya kwaikwaya. Sai na Mayweather da Ricky Hatton a Las Vegas a Disambar 2007, turmi na goma, Hatton ya afko da gudu Mayweather ya jefa huk yana murzawa ya kauce gefe lokaci guda, Hatton ya wuce ya daki kusurwar fage da kai. Wannan kam har yanzu ban iya ba, yace sai na shekara.

Na Anthony Joshua da Andy Ruiz na 1 ga Yuni 2019 kuma gargaɗi ya yi mamu da shi. Da yawanmu mun kalli wasan a lokacin, mun san Joshua ne ya fara kai Ruiz ƙasa a turmi na uku, sai ya matso don ya ida shi, ya tsaya a kusa suna musayar huk da mutumin da ya fi shi gajerun hannuwa da sauri, Ruiz ya same shi da hagu a gefen kai, daga nan ƙafafun shi basu dawo daidai ba har aka tsayar da wasan a turmi na bakwai. Koci yace dogo in ya shiga kusa yana musayar huk da gajere ya sayar da gonar shi ya koma ƙodago. Da suka sake haɗuwa a Saudiyya a Disambar shekarar ai daga nesa Joshua ya tsaya ya amshi kambun shi.

Bai ɓoye mamu aibin dogon huk ba kuma. Hanyar shi lanƙwasassa ce, miƙaƙƙiyar dama kuma hanyar ta gajera ce, in kun tashi tare ita zata riga isa. Na gane hakan a jikina a gwabzawata ta biyu da wani yaro ɗan makarantar Poli da bai kai ni tsawo ba. Na jefa huk daga nesa ba tare da jab ba, na kuma buɗe shi da yawa, kafin hannuna ya je ko'ina dama ɗin shi ta shigo ta ciki ta sauka mani a baki, leɓena ya fashe. Koci ya tsayar nan take, bai yi mani faɗa ba, ya maimaita abun a hankali da hannun shi ya nuna mani ƙofar da na buɗe, yace in zaka jefa shi kanka ya ɗan bar tsakiya, kafaɗa ta rufe haɓa, in ba haka ba kar ka jefa. Da bahago kuma abun ya fi daɗi, muna da guda biyu a wurin, in ka sa ƙafar ka ta gaba ta wajen ƙafar shi ta gaba sai huk ɗin ya haye saman jab ɗin shi ya sauka, shi ne karo na farko da naji naushin ya zauna daram a kan gaɓoɓin da ya kamata, ko ɗigon zafi banji a yatsa ba.

Kada wani ya ɗauka ana raina damben gargajiya a wurin, ko kusa. Akwai 'yan dambe biyu ma daga cikin mahauta da ke zuwa neman numfashi da ƙafa, kuma Koci na girmama su, yakan ce zuciyar da suke da ita ba a koyar da ita. Bayanin shi shi ne kowane wasa da makamin shi. A gargajiya hannun da aka naɗe gaba ɗayan shi makami ne, ko ta ina ya sauka ya yi, kuma daga baya yake tasowa ɗaya hannun na gaba yana kare. A boksin kau gaban dunƙule kawai ake ƙirgawa, kuma wanda ke gaban ka hannu biyu yake duka da su, in ka kwaso daga baya ya sa maka biyu kafin taka ta iso. Su ma da suka sa safa sai da aka tsayar da su jikin bangon nan kamar ni.

To yanzu abubuwan da basu yi mani ba, kuma zan faɗe su ne don ina son wurin ya gyaru.

Na farko safar hannu. Guda shida ce ta wurin kowa na sawa, mutum ya cire jiƙe da gumi wani ya zura, a zafin Afrilu ƙarƙashin kwano warin kaɗai ya isa ya kore ka, wasu kuma soson cikin ya mutu har kana jin ƙashin hannun mutum. Ni a sati na biyu na yi odar tawa mai lamba 14 da bandeji mai tsawon mita huɗu da rabi, kuma duk mai niyyar zuwa ina ba shi shawara ya yi haka, in bai da halin safa to ko bandejin ya saya nashi. Na biyu, wanda ya fi damuna, ba a tilasta robar haƙori. Ranar da leɓena ya fashe ba ni da ita a baki kuma ba wanda ya tambaye ni, da ace akwai da abun bai kai haka ba. Na ga yara 'yan shekara sha uku sha huɗu suna gwabzawa baki ba komai, hular kariya guda biyu ce kacal ita ma ta tsufa. Huk naushi ne da ke juya kai, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙon ta, shi yasa yake sumar da mutum, ba abun wasa bane, ga kuma daɓen siminti da tsohon kafet kawai aka shimfiɗa a kai, in mutum ya faɗi da ƙeya faɗuwar ta fi naushin haɗari. Na sami Koci ni da shi na faɗa mashi, nace Koci don Allah a sa doka ba roba ba gwabzawa, kuɗin ta bai taka kara ya karya ba. Ya saurare ni yace gaskiya ne, yanzu manya na sawa amma yaran har yau wasu na shiga haka nan in ya juya baya. Akwatin magani ma babu, ranar da aka ji ciwo sai a aika yaro kemis.

Na uku cunkoso. Da yamma mutum ya kan haura ashirin koci ɗaya, in ka samu turmi biyu na minti uku-uku a kan fad, wato matashin da koci ke sawa a hannu kana duka, tare da shi ka gode Allah, sauran lokacin manyan ɗalibai ne ke riƙe maka, kuma ba duka suka iya ba, akwai wanda ya dinga ce mani in ƙara buɗe hannu don ya ji ƙara, abun da Koci ya hana ni kenan. Duk abun da na lissafa maku a sama da safe na koye shi lokacin da bamu wuce mu shida ko bakwai ba. Don haka in da gaske kake, na safe zaka je. Ruwan sha kowa da nashi, wurin canza kaya wani lungu ne da aka kare da buhu, mata kuma babu wani tanadi da aka yi masu ko kaɗan.

Akwai kuma maganar da mahaifiyata ta yi mani wadda na san wasu ma zasu yi tunanin ta, ta dukan fuska, tunda hadisi ya zo da hani a kan dukan fuska kuma malamai sun yi magana a kan wannan wasa. Ban ɗauki maganar da wasa ba. Abun da zan iya faɗa shi ne a wurin ba a tilasta ma kowa gwabzawa, akwai magidanta da ke zuwa buhu da fad da igiya kawai suke yi don lafiyar jiki su tafi kasuwa, kuma in ka ce a jiki kaɗai kake so a yi Koci na amincewa ya haɗa ka da mai irin ra'ayin ka. Ni ma tun fashewar leɓen nan yawanci haka nake yi.

Kuɗin wata-wata ake biya, kuma bai kai abun da nake kashewa a data a wata ba, 'yan makaranta ana rage masu, na kuma lura akwai yaran unguwa da baya amsar ko sisi a hannun su sai dai su share wurin su ɗebo ruwa. Da azumi yace bayan an sauko daga Asham ake yi.

In kana neman wuri mai fanka da madubi da injin gudu inda zaka ɗauki hoto, wannan ba naka bane, akwai irin su cikin gari ta wajen GRA. In kuma kana son mutumin da zai tsaya a kan ka ya kalli dunduniyar ka ya ce nan ne kuskuren, kuma zaka iya haƙurin sati uku ana hana ka abun da kazo nema, to ka je, ka tafi da bandejin ka da robar haƙorin ka da gorar ruwa. Ni dai yanzu ina yin turmi shida a buhun fatar nan da safe, dogon huk na fita bayan jab ba tare da na yi tunanin shi ba, ƙarfe tara ina shago na riƙe almakashi yatsana lafiya lau. Satin nan ya fara ɗora ni a kan huk biyu a jere, ɗaya a haƙarƙari ɗaya a sama, kuma tuni ya gano ina sauke dama a na biyun, don haka hular ta dawo kuncina.